Suna Jarin Direba: Amana da Rashin Tabo a Sana'ar Tuƙin Manyan Motoci

Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun daɗe suna rubuce-rubuce a kan sana'o'in gargajiya, irin su ƙira da jima da saƙa da rini da fatauci. Sana'o'in da zamani ya kawo kuwa ba a cika waiwayarsu ba, ko da yake wasunsu sun zauna a ƙasa har sun yi saiwa, sun sami nasu shugabanni da ladubba da kalmomi da mawaƙa. Tuƙin babbar mota yana cikin irin waɗannan sana'o'i. Hatsi da shanu da albasa da tumatir da ke barin Arewa zuwa Kudu, da man fetur da goro da manja da katako da ke haurowa daga can, galibinsu a bayan gingimari da tirela da tanka suke tafiya. Mutumin da ke riƙe da sitiyarin irin wannan mota yana ɗauke da dukiyar da, sau da yawa, albashinsa na shekaru ba zai iya biya ba, kuma ba ya ajiye jinginar komai kafin a damƙa masa ita, sai sunansa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana abin da ya sa kyakkyawan suna ya zama jarin direban babbar mota, da yadda ake gina shi, da yadda yake rushewa. Za a kuma duba shaida iri biyu da ake auna direba da su a yau, watau shaidar baka wadda ta samo asali daga tsarin fatauci, da shaidar takarda wadda hukuma da kamfanoni suka kawo, don a ga abin da kowace take karewa da abin da take bari a baya.

Kalmomin da ake auna mutum da su

Ya kamata mu fara da harshe, domin a nan ne ra'ayin al'umma yake ɓoye. Kalmar suna ta wuce abin da aka raɗa wa jariri ranar bakwai. Idan aka ce wane ya yi suna, ana nufin ya shahara, kuma galibi a kan abin yabo. Idan shaharar ta mugun hali ce, sai a ce ya yi ƙaurin suna, watau an kamanta ta da warin abin da ya ƙone, wanda yake riga mai shi isa wuri. Har ila yau akan ɓata wa mutum suna, ko shi ya ɓata sunansa da kansa, ko ya ɓata sunan gidansu. Wannan ya nuna Bahaushe ya ɗauki suna tamkar kadara ce wadda take lalacewa, kuma ba ta mutum ɗaya ba ce.

Mutunci shi ne ƙimar da jama'a suke ganin mutum da ita. Ana kare shi, ana cin sa, ana zubar da shi, shi ya sa aka ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Amana kuwa kalma ce da aka aro daga Larabci, tushensu ɗaya da aminci da imani da amini. Ana ba da ita, ana riƙe ta, ana cin ta. Shaida ita ce abin da mutane suke faɗa a kan mutum a bayan idonsa, kuma nauyinta a zuciyar Bahaushe ya kai har akan ce shaidar duniya ita ce ta lahira. Kalma ta ƙarshe ita ce tabo, watau alamar da rauni yake bari bayan ya warke. Direba ya san taɓo, wanda yake kafe masa mota da damina, ya kuma san tabo. Na farko ruwa yana wanke shi, na biyu kuwa da shi ake tafiya. Idan mai mota ya tambaya ko wane yana da tabo, yana so ne ya ji ko an taɓa kama shi da sata, ko ya taɓa kayar da mota ta ganganci, ko ya taɓa kashe rai a hanya.

A cikin laccarsa mai suna Mutumin Kirki, wadda aka buga a 1974, Kirk-Greene ya jera halaye goma da Hausawa suke gane mutumin kirki da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duk wanda ya saurari yadda ake yabon direba a tasha zai ji aƙalla huɗu daga cikinsu suna ta dawowa, su ne gaskiya da amana da haƙuri da hankali. Sana'ar sabuwa ce, amma ma'aunin da ake auna mai yin ta tsoho ne.

Daga madugu zuwa direba

Kafin zuwan jirgin ƙasa da mota, ayari ne yake ɗaukar kaya a ƙasar Hausa. Lovejoy, a littafinsa na 1980 a kan fataucin goro, ya nuna yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe hanyar Gwanja, suna kai kanwa da tufafi da dabbobi, suna dawowa da goro. Tafiya da dawowa kan ci watanni da dama. Kowane ayari yana da madugu, da jagaba mai shigewa gaba, da uban dawaki, da malamin ayari. Madugu ne yake zaɓen hanya da zango, shi ne yake daidaitawa da sarakunan ƙasashen da za a ratsa a kan kuɗin fito, shi ne yake raba gardama tsakanin fatake. Ba wanda yake tilasta wa falke bin wani madugu. Fatake kan taru ne a bayan wanda aka san ya sha kai mutane ya dawo da su lafiya, wanda kuwa ayarinsa ya watse saboda sakacinsa ba zai sake ganin mabiya ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manyan fatake irin su Alhassan Ɗantata suka juya gare shi. Motoci suka fara da kai gyaɗa da auduga bakin tashoshin jirgi. Daga baya, musamman a shekarun 1970 da kuɗin man fetur ya shimfiɗa tituna, aikin jirgin ƙasa kuma ya riƙa ja da baya, sai mafi yawan kaya suka koma kan mota. Abin hawa ya sauya, amma tsarin yarda bai sauya ba. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma buga sakamakonsa a 1969, ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, sai dai mai gida, watau mai masaukin fatake, ya tsaya a tsakani da sunansa. Wanda ya ƙi biya ba ya bukatar a kai shi kotu, domin gobe ba wanda zai ba shi ko ɗan maraƙi. A cikin wannan tsari ne direba ya shigo, kuma har yau kalmomin tsarin suna bakinsa: yaron mota yana kiran direba maigida, shi ma direba haka yake kiran mai mota, ko ya ce uban ɗakinsa.

Amma akwai wani bambanci mai muhimmanci. Madugu yana tafiya ne a gaban idon ɗaruruwan mutane, da yawansu masu kayan ne da kansu. Direba kuwa yakan bar tasha daga shi sai yaro ɗaya ko biyu, ya kwana biyu ko uku ba mai ganin abin da yake yi. Ido ya ragu, saboda haka nauyin amana ya ƙaru.

Malaman fiƙihu ma sun san wannan matsala tun da daɗewa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, wanda aka ɗauka haya ya kai kaya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Amma an keɓe mai dakon abinci, aka ce shi zai biya, sai fa in akwai shaidar cewa kayan sun halaka ba da laifinsa ba, ko kuwa mai kayan yana tare da shi. Dalilin da aka bayar shi ne hannu yana saurin kaiwa ga abinci. Wannan hukunci ya girmi mota da ƙarnoni, amma kamar don direban hatsi aka yi shi.

Abin da ake damƙa wa direba

Amanar da ke wuyan direba ta kasu gida uku, kuma masu ita daban-daban ne.

Ta farko ita ce amanar mai mota. Tirela dukiya ce babba, kuma wani mai motar bai ma gama biyan bashinta ba. Daga lokacin da ta fita gari ba shi da sauran iko a kanta. Direba ne ya san ko an duba ruwa da baƙin mai da asuba, ko an taka birki da hankali a gangare, ko an sha giya yadda ya dace a hawa. Motoci biyu iri ɗaya, da aka saya rana ɗaya, ɗaya takan yi shekaru tana aiki, ɗaya kuwa ta zama 'yar gidan bakanike tun ba a je ko'ina ba, kuma bambancin yana hannun masu tuƙa su. Bayan haka ga kuɗin mai da kuɗin hanya da ake ba direba a hannu, da balas ɗin da ake jiran ya kawo.

Ta biyu ita ce amanar mai kaya. Tirela mai ɗaukar tan 30 tana cin buhun siminti 600, ko buhun hatsi 300 masu kilo ɗari-ɗari. Tankar mai da aka fi sani tana ɗaukar lita 33,000. Sau da yawa kayan da ke cikin mota ɗaya na mutane da dama ne, ƙananan 'yan kasuwa da suka haɗa lodi, wani jarinsa duka yana ciki. Kowane irin kaya kuma da nasa sharaɗi. Tumatir da aka ɗora a Kano ko Zariya dole ya isa kasuwar Mil 12 a Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000, kafin ya narke a kwando. Shanun da aka ɗauko daga Potiskum ko Maigatari ko Mubi ba sa son birkin gaggawa, domin saniyar da ta faɗi a cikin mota 'yan uwanta ne za su tattake ta kafin masu rakiya su tashe ta. Goro ba ya son zafi, albasa ba ta son ruwa. Direban da ya san waɗannan abubuwa, 'yan kasuwa kan jira shi ko da akwai mota a ƙasa mai rahusa.

Ta uku ita ce amanar mutanen hanya: mai babur da mai keke, yaran da ke tsallaka titi, fasinjojin ƙananan motoci, da masu talla a bakin kwalta. Waɗannan ba su ɗauki direba aiki ba, ba su san sunansa ba, ba su kuma da bakin magana a tasha. Za mu dawo kansu, domin a kansu ne shaida iri biyu suka rabu.

Yadda ake gina suna

Ba a wayar gari a zama direban tirela. Hanyar da aka saba ita ce yaro ya fara a matsayin yaron mota, ko karen mota kamar yadda ake ce masa, sunan da Ɗanmaraya Jos ya yi wa waƙa sananniya a kan halin rayuwar irin waɗannan yara. Shi ne mai wanke mota, mai ɗaure tamfol, mai sauka da gudu ya tokare taya a hawa, mai kwana a ƙarƙashin mota yana gadin kaya. Shekaru yake yi a haka, kuma duk tsawon lokacin ana karantarsa. Ana aiken sa sayen abinci a ga ko zai dawo da canji. Ana barin sa da mota a ga ko man zai ragu. Ana yi masa faɗa a gaban mutane a ga yadda zai ɗauka. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

In ya ci wannan jarrabawa, sai maigidansa ya fara barin sa ya gyara wa mota tsayuwa a tasha, sa'an nan ya ba shi sitiyari a hanyar da ba cunkoso, shi yana gefe. Ranar da ya ƙware ya sami lasin, sauran abu ɗaya, watau wanda zai tsaya masa. Maigidan nasa ne zai kai shi wurin mai mota ya ce, “Alhaji, ga yarona, na yarda da shi.” Wannan 'yar magana ita ce takardar kammala karatunsa, kuma mai faɗinta ya jinginar da nasa sunan ne. In yaron ya yi abin kunya, maigidan za a fara kira. Shi ya sa tsofaffin direbobi ba sa saurin tsaya wa kowa, ko da ɗan cikinsu ne.

Daga nan suna yake taruwa kaɗan-kaɗan, tafiya bayan tafiya. Ribar sa kuma a bayyane take. Direba mai kyakkyawar shaida shi ake ba sabuwar mota, shi ɗan kamasho yake fara nema in kaya masu tsada sun samu, shi mai mai da mai taya suke ba bashi a garin da ba nasa ba. In tsautsayi ya faɗa masa, aka tare shi aka kwashe kaya, maganarsa ake ɗauka ba a sa shi rantsuwa ba. Daɗin daɗawa, akan sami mai mota ya sallama wa amintaccen direbansa mota ya riƙa biya sannu a hankali har ta zama tasa. Da yawa daga masu motocin sufuri a garuruwa irin su Potiskum da Kano ta wannan tsani suka hau. Saboda haka idan aka ce suna jari ne, ba adon magana ba ne kawai, domin yana juyewa ya zama kuɗi da kadara.

Yadda suna yake rushewa

Hanyoyin cin amana a wannan sana'a sanannu ne ga masu ita. Akwai sayar da man mota a hanya a ce inji ne yake sha. Akwai musanya sabuwar taya da tsohuwa. Akwai huda buhu a rage hatsi, ko a zuƙe wani abu daga tanka. Akwai ɗora lodin da mai mota bai sani ba, ko ɗibar fasinja a kan kaya, abin da doka ta hana kuma yake mai da ƙaramin haɗari ya zama makoki. Mafi muni shi ne karkatar da kaya gaba ɗaya a ƙirƙiro labarin fashi. Ga kuma shan ƙwayoyin hana barci don a ninka tafiya, wanda yake farawa da sunan neman ƙarfi ya ƙare da ɗauke hankali.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan sana'a ya fi ƙurewa, domin hanya ɗaya kowa yake bi. Direbobi a Mararrabar Jos suke yada zango, a Tafa suke cin abinci, a Ogere suke jiran gari ya waye. Mai shayi da mai faci da ɗan kamasho duk sun san wanda ya sauke jarka da dare. Tun kafin wayar hannu labari yana riga mota isa gida, balle yanzu. Tasha ita ce kundin da ake rubuta halin kowa, ko da yake ba alƙalami ba takarda. Ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978 kuma jama'a suke kiran 'ya'yanta 'yan yuniyon, da reshen direbobin tanka na ƙungiyar ma'aikatan man fetur, da ƙungiyar masu motocin, duk suna zaman sasanta irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe. Hukuncin da direba ya fi tsoro shi ne a karɓe makulli, sa'an nan duk inda ya je neman mota a ce masa a dawo gobe.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba kowane tabo ne laifin mai shi ba. Akwai mai motar da yake ƙin gyara birki ya ce a lallaɓa, akwai wanda kuɗin hanyar da yake bayarwa ba ya isar shingayen da ke kan hanyar, akwai mai kaya da yake matsa lamba a isa kasuwa kafin wasu. Ga ramuka a titi, ga 'yan fashi da masu satar mutane. Amana igiya ce mai baki biyu, kuma mai motar da ya saba danne haƙƙin direbobi shi ma yakan yi ƙaurin suna, har nagartattu su guje shi. Shaidar baka tana da wannan kyau, cewa dattawan tasha sun san hanya, sun san mai motar, suna iya rarrabe tsautsayi da ganganci. Tana kuma da nata aibi, domin hassada da ƙazafi ma da baki suke tafiya.

Shaidar takarda

A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko, aka kuma sabunta dokarta a 2007. Hukumar ta haɗe lasin tuƙi ya zama iri ɗaya a duk ƙasa, daga baya aka haɗa shi da hoto da zanen yatsu a rumbun kwamfuta. Lasin aji-aji ne, kuma mai jan tirela ajin G ake bukata ya riƙe. Kowane laifin hanya yana da tararsa da makinsa, makin kuma in ya taru yana iya kaiwa ga dakatar da lasin ko janye shi. A 2007 hukumar ta fito da tsarin da ya wajabta wa duk mai motocin haya biyar ko fiye ya yi rajista, ya kuma riƙa ajiye bayanan direbobinsa da na motocinsa. A 2017 aka fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Ƙa'idar hanya ta kayyade wa tanka da tirela kilomita 60 a awa a kan babban titi mai tagwaye, ƙasa da haka kuma a sauran hanyoyi.

Manyan kamfanonin siminti da na mai da na kayan masarufi, masu ɗaruruwan motoci ko dubbai, ba za su iya sanin kowane direba da iyayen gidansa ba. Saboda haka suka dogara da takarda: lasin na gaskiya, masu tsayawa da suka sa hannu, gwajin ido da na lafiya, wani lokaci da gwajin ƙwaya. Suna kuma maƙala wa mota na'urar bin diddigi, wadda take nuna inda ta tsaya da irin gudun da ta yi. Idon da ya ɓace tun da aka bar ayari ya dawo ta wata hanya. Kamfanonin inshora su ma tarihin haɗurra suke dubawa. Ma'anar rashin tabo ta faɗaɗa ke nan: da can abin da mutane ba su faɗa a kanka ba ne, yanzu har da abin da ba a rubuta a kanka ba.

Sai dai takarda tana da nata rauni. Lasin da aka samu ta bayan gida ba ya shaidar ƙwarewa. Laifin da aka kashe da na goro a bakin hanya ba ya shiga kundi, saboda haka mutum yana iya zama fes a rubuce alhali kowa a tasha ya san halinsa. Kundi kuma ba ya tambayar dalili: ya rubuta cewa mota ta faɗi, bai rubuta cewa direba ya yi sati uku yana roƙon a sauya taya ba.

Abin da kowace shaida take karewa

Idan aka auna su biyun, za a ga ba aiki ɗaya suke yi ba. Shaidar baka ta taso ne daga cikin kasuwa, don haka masu mota da masu kaya take karewa. Tana da kaifi ƙwarai a kan sata da ƙarya, amma tana da sassauci a kan gudu. Hasali ma takan yabe shi. Direban da ya kai tumatir Legas kafin kowa gwani ne a bakin 'yan kasuwa, ana yi masa kirari, mawaƙa suna wasa shi. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa direbobi waƙoƙi, kuma wannan ya nuna irin matsayin da gwanin tuƙi ya samu a idon jama'a. Amma lissafi ba ya ƙarya. Tafiyar kilomita 1,000 a kan gudun da doka ta yarda tana cin fiye da awa 16 ana tuƙi zalla, ban da salla da abinci da shingaye da barci. Wanda ya yanke wannan lokaci sosai, daga barcinsa ya yanka ko daga ƙa'idar gudu, kuma mutanen hanya ne suke ɗaukar kasadar, ba masu yi masa tafi ba.

A nan ne shaidar takarda take da amfanin da ba a iya musantawa, domin ita ce kaɗai take magana da yawun wanda ba ya tasha. Girman abin da babbar mota take iya jawowa ya wuce duk abin da madugu ya taɓa tunani. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta Jihar Jigawa, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. A watan Janairu na 2025 irin haka ta faru a mararrabar Dikko ta Jihar Neja, mutane da dama suka halaka. A wurare biyun yawancin waɗanda abin ya ci sun matso ne don kwasar man da ya zube, saboda haka ba a ɗora wa direba shi kaɗai alhakin rayukan ba. Duk da haka, daga faɗuwar mota abin ya fara. Bayan waɗannan ne hukumar kula da harkar mai ta hana tankoki masu lita 60,000 ɗaukar mai daga watan Maris na 2025. Sana'ar da kuskure ɗaya a cikinta yake iya tashin gari guda ba za a bar tantance masu yin ta ga hirar tasha kaɗai ba.

Abin lura shi ne harshen Hausa bai rasa wurin ajiye wannan sabon nauyi ba. Wanda ya ce tafiya sannu-sannu kwana nesa, ya kuma ce gaggawa aikin Shaiɗan, ya riga ya yanke wa gudu hukunci. Haƙuri da hankali suna cikin halayen mutumin kirki kamar yadda gaskiya da amana suke. Abin da ya rage shi ne a daina taƙaita amana a kan buhu da jarka, a shigar da ran mai tsallaka titi a cikinta, ta yadda direban da bai taɓa satar ƙwayar hatsi ba amma yana tuƙi da barci a idonsa za a ce masa ya ci amana, kamar yadda za a ce wa ɓarawon mai.

Kammalawa

Mun ga cewa direban babbar mota magajin madugu ne ta fuskar yarda, cewa sunansa shi ne jinginarsa da tsaninsa, kuma cewa a yau ana karanta wannan suna a wuri biyu, a bakin mutane da a kundin hukuma. Na farko ya san mutum amma bai cika damuwa da baƙo ba, na biyu ya damu da baƙo amma bai san mutum ba. Direban da yake so ya daɗe a sana'a tilas ne ya tsare duka biyun, mai mota kuma da yake so dukiyarsa ta tsira ya kamata ya tambayi duka biyun kafin ya miƙa makulli.

Akwai aiki a nan ga ƙungiyoyin direbobi, watau su riƙa rubuta shaidar da dattawansu suke bayarwa da hukuncin da suke yankewa, tare da dalilansa, don kada mai tabo ya sauya tasha ya wanke kansa, kada kuma a hallaka marar laifi da jita-jita. Akwai aiki ga masu nazarin harshe da al'ada: kalmomin tasha, da kirarin direbobi, da addu'o'i da karin maganar da ake rubutawa a jikin motoci, da tarihin tsofaffin direbobin da suka ga zamanin Bedford da titin burji, duk suna jiran mai tattarawa, masu su kuwa suna ta ƙarewa. Wanda ya tattara su zai taimaka wajen nuna yadda Bahaushe ya ɗauki tsohon ma'auninsa na mutumin kirki ya auna sabuwar sana'a da shi, da kuma inda ma'aunin yake bukatar ƙari.